Tsofaffin motocin Faransa a Jalingo: Yadda ake riƙe su, tuƙa su da tantance darajarsu

A mazaɓun Turaki A da Turaki B na cikin garin Jalingo, kamar yadda yake a tsofaffin unguwannin biranen Arewa, akan tarar da tsohuwar Peugeot 504 ko 505 a jingine a ƙofar gida ko a ƙarƙashin bishiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta. Akasarinsu motocin tsofaffin ma'aikatan gwamnati ne, da 'yan kasuwa, da masu riƙe da sarauta, waɗanda suka saye su a lokacin da mallakar Fijo, kamar yadda Hausawa ke kiranta, take nuna cewa mutum ya isa.

Iyalai da yawa suna fuskantar tambaya guda game da irin waɗannan motoci: a gyara, a sayar, ko a miƙa wa masu sayen ƙarafa su auna da kilo? Tambayar ta ƙara nauyi tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, abin da ya sa ciyar da tsohon inji ya koma babban aiki. Idan kuma motar ta faɗa cikin kayan gado, yi mata kuɗi bisa jahilci yana iya tauye haƙƙin marayu da zawarawa. Amsa mai kyau tana buƙatar sanin asalin motar, da abin da riƙe ta ke ci, da abubuwan da ke ɗaga farashinta ko su karya shi.

Asalin motocin alfarma na Faransa

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa tana sahun gaba wajen ƙera motocin alfarma. Kamfanoni irin su Bugatti da Delage da Delahaye da Talbot-Lago sun yi suna wajen ƙera motoci ƙalilan masu tsadar gaske domin attajirai da sarakuna. Samfurin Bugatti Royale, alal misali, guda 6 kacal aka ƙera.

Bayan yaƙin, gwamnatin Faransa ta ɗora haraji mai nauyi a kan motoci masu manyan injina, kasuwar cikin gida ta tsuke, waɗannan kamfanoni suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Facel Vega, wanda ya yi yunƙurin farfaɗo da wannan martaba daga 1954, ya rufe a 1964. Daga nan injiniyoyin ƙasar suka karkata ga wata manufa ta daban, wato mota mai matsakaicin inji wadda ke ɗaukar fasinja cikin laushi da kwanciyar hankali ko da hanya ba ta da kyau.

Citroën DS, wadda aka baje kolinta a Paris a watan Oktoban 1955, ita ce ta fi fito da wannan manufa. Maimakon sifirin na ƙarfe, tana tafiya ne a kan wani tsari na mai da iskar gas da aka matse, wanda ke daidaita tsayin motar da kansa. A ranar 22 ga Agustan 1962, 'yan bindiga sun buɗe wa motar Shugaba Charles de Gaulle wuta a Petit-Clamart, kusa da Paris. Harsasai sun fasa tayoyi, amma direban ya iya riƙe motar ya tsere da shugaban da matarsa. An ci gaba da ƙera DS har 1975.

Peugeot kuwa, mai tambarin zaki, ya bi hanya mafi sauƙi: laushin tafiya tare da ƙarfen da kowane makanike zai iya kwancewa ya ɗaura. Wannan zaɓi ne ya buɗe masa ƙofar Afirka.

Yadda Fijo ta zama 'yar gida

An fito da Peugeot 404 a 1960, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Magajiyarta, 504, ta fito a 1968, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ita ma ta ci gasar Safari a 1975 a hannun direba Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Waɗannan nasarori a kan hanyoyin laka da duwatsu sun fi kowace talla tasiri a idon masu saye na Afirka.

A Najeriya, abubuwa biyu sun share mata fage a shekara guda. A ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ya dace da motocin Faransa masu sitiyari a hagu. A watan Disamban shekarar kuma aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin na Faransa. Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri da ke Kaduna a watan Maris na 1975. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan zamani, an daɗe ana ɗauko sassan motocin da jiragen sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a manyan motoci.

PAN na cikin jerin masana'antun haɗa motoci da gwamnati ta kafa a wannan zango, tare da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano da ANAMMCO a Inugu. Sai dai Fijo ce ta samu gatan da ya zarce na saura. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da 504 motar aiki ta manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar kwamishina da babban sakatare da alƙali da hakimi, bashin mota na ma'aikata kuma ya kai ta gidajen malaman makaranta da jami'an gona.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agustan 1991, aka mayar da Jalingo babban birni, Fijo ce ke mulkin hanya. Ma'aikatan da suka taso daga Yola da irinta suka iso, wagon mai layin kujeru uku ita ce motar haya a tashoshi, akori-kurarta kuma ita ke dakon doya da masara da gyaɗa daga ƙauyuka. Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar fasinja a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kuma masana'antar na cikin wuraren ƙarshe a duniya da suka fitar da ita sabuwa.

Faɗuwar kasuwarta ta zo a matakai. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, motocin Kwatano suka cika ƙasa. A 2003 gwamnati ta mayar da alawus ɗin mota da gida zuwa tsabar kuɗi, PAN ya rasa babban mai sayensa. An sayar da hannun jarin gwamnati ga ASD Motors a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Dangote da Stellantis, wanda ya mallaki Peugeot a yanzu, ya fara haɗa sababbin samfura a Kaduna, amma 504 da 505 sun riga sun shiga tarihi.

Wace ce tsohuwa mai daraja, wace ce tsohuwa kawai?

Ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ɗauki mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka adana ta a kan siffarta ta asali, kuma ba a yin zirga-zirgar yau da kullum da ita. A Faransa akwai takardar rajista ta musamman ga motocin da suka kai wannan shekaru. Bisa wannan ma'auni, duk 404 da 604, da mafi yawan 504 da 505 da ke Najeriya, sun cika sharaɗin shekaru. Sharaɗin asali ne yake kayar da yawancinsu.

Haka kuma darajojin sun bambanta. 604, wadda aka ƙera daga 1975 zuwa 1985 da inji mai silinda shida, ita ce ainihin motar alfarmar Peugeot ta wancan zamani, kuma ba ta yaɗu a Najeriya kamar 504 ba. 505 ta fito a 1979, ita ce ta ƙarshe a manyan motocin kamfanin da ke ja da tayoyin baya. Samfuran 504 masu ƙofa biyu, mai rufi da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda aka nuna a Janeba a 1969, su ne suka fi tsada a kasuwar Turai. Akwai kuma 504 mai ja da taya huɗu wadda kamfanin Dangel ya riƙa sauyawa, ita ma masu tarawa suna nemanta. Samfuran da aka fi sani a gida, irin su 504 GR da SR da Bestline da 505 Evolution, darajarsu ta fi dogara ga lafiyarsu da tarihinsu.

Abin da riƙe ta yake ci

Ƙarfin 504 yana cikin sauƙinta. Injin fetur ɗinta mai silinda huɗu, mai girman lita 1.8 ko lita 2, yana amfani da kafireta, ba shi da kwamfuta, kuma sarƙa ce ke juya shi a maimakon bel. Hannayen silindarsa ana zare su a sa sababbi, shi ya sa ake iya sabunta inji ɗaya sau da dama. Makanikan da suka koyi aiki a kanta suna gane ciwonta daga ƙarar inji.

Rauninta na farko zafi ne. Kan injin na alminiyom ne, idan ya yi zafi fiye da kima yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Zuba ruwan rijiya a lagireto yana tara ƙasa da tsatsa a ciki, yana toshe hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na musamman ya fi araha a kan sauke kan inji. Cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, wanda wasu ke yi da sunan maganin zafi, ɓoye ciwon yake yi, ba ya warkar da shi.

Rauni na biyu tsatsa ce. Damina a Taraba tana da tsawo da ƙarfi, kuma motar da aka jingine a kan ƙasa mai laima tana ruɓewa daga ƙasa zuwa sama: daɓen ƙafa, ƙasan ƙofofi, cikin but, da wuraren da shokozoba ke ɗaure. Inji ana sake shi, amma bodin da ya ruɓe a wuraren da ke ɗaukar nauyi gyaransa kan fi kuɗin motar.

Motar da ta shekara a ajiye ba a tayar da ita kai tsaye. Tsohon fetur yana daskarewa ya toshe kafireta, man birki yana shan laima, robobi suna tsagewa, ɓeraye suna cin wayoyi. Ana fara zubar da tsohon mai, a wanke tanki, a sake baƙin mai da man birki, a juya injin da hannu domin a tabbatar bai kafe ba, sannan a haɗa batir.

Kayan gyara har yanzu ana samunsu a manyan kasuwanni kamar Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Nkpor kusa da Anacha, da Ladipo a Legas. Matsalar ita ce bambance na asali da jabu, domin araha ba ta ado. Abubuwan da suka fi wuyar samu su ne fitilu na asali, gilasai, allon gaban direba da ƙarafan ado. Wanda ya mallaki Citroën mai tsarin mai kuwa aikinsa ya fi wuya, domin tana buƙatar koren mai na musamman da ake kira LHM, kuma zuba mata man birki na yau da kullum yana lalata robobin tsarin gaba ɗaya.

Ta fuskar doka, tsufa bai ɗauke wa mota komai ba. Muddin za ta hau titi, tana buƙatar lasisi, da takardar shaidar lafiyar mota, da inshora. Tun daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshora mafi ƙanƙanta ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara.

Tuƙa ta a hanyoyin Taraba

An ƙera 504 da doguwar tafiyar sifirin da tazara mai kyau daga ƙasa, shi ya sa take haɗiye ramuka ba tare da ta wahalar da fasinja ba. Wannan ne ya sa ta yi suna a hanyar Jalingo zuwa Mutum Biyu da Wukari, da ta Zing zuwa Mayo Belwa da Yola. Amma wanda ya saba da motar zamani dole ya sake koyon wasu ɗabi'u. Ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar hana taya kafewa idan an taka birki da ƙarfi, kuma saboda tana ja da baya, gindinta kan zame a kan laka ko jiƙaƙƙen kwalta idan aka taka totur a kwana. Barin tazara mai yawa da rage gudu kafin kwana su ne kariyarta. Dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma tsohuwar mota ta fi kowa buƙatar mutunta wannan iyaka.

Babbar jarrabawa ita ce hanyar Bali zuwa Serti, da hawan dutse daga Mayo Selbe zuwa Maisamari da Nguroje har Gembu a tsaunin Mambila, inda tsayi ya kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku. A can iska ba ta da kauri, inji yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, kuma kafireta ba ta gyara kanta kamar injin zamani, don haka motar takan ƙara shan mai ta rage ja. A hawa, ido yana kan allurar zafi. A gangara, ƙaramar giya ce ke riƙe mota, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana ɗaukar zafi ya daina kamawa.

Taya ma abin lura ce. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kan tayoyin da suka tsufa ko da zanensu bai cinye ba. Motar da ba a cika hawa ba ita ta fi faɗawa wannan tarko.

Wasu masu tsofaffin motoci suna duba yiwuwar mayar da su masu amfani da iskar gas ta CNG domin rage kuɗin mai. Wannan yana da amfani ga motar aiki a inda ake samun gas ɗin, amma huda bodi da ɗaura tukunya a but yana rage darajar motar da ake son adanawa a kan asalinta.

Yadda ake yi mata kuɗi

Tsohuwar mota tana da farashi iri uku. Akwai farashin ƙarfe, wanda mai sikeli ke biya. Akwai farashin aiki, wanda direban haya ko manomi zai biya gwargwadon abin da za ta samo masa. Akwai kuma farashin tarihi, wanda mai sha'awar adanawa ke biya. Asara tana faruwa ne idan aka sayar da mota mai farashi na uku a kan na farko.

Abu na farko da ake dubawa shi ne bodi: ko tsatsa ta ci wuraren ɗaukar nauyi, ko motar ta taɓa yin babban haɗari. Maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike da ƙullun gyaran bodi, don haka yana tona abin da sabon fenti ya rufe. Na biyu shi ne asali: inji da giya nata ne, ko an dasa mata na wata mota? Kujeru, sitiyari, fitilu da launin fenti na masana'anta ne? Mota mai tsohon fentinta na asali takan fi wadda aka yi wa sabon fenti mara kyau daraja.

Na uku takardu ne. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce, a samu rasidin saye, ko takardar gwanjo idan daga gwamnati ta fito, ko takardun kwastam idan daga waje aka shigo da ita. Na huɗu shi ne ƙarancin samfurin. Tunda dokokin shigo da kaya sun ƙayyade shekarun motar da za a iya kawowa daga waje, kuma an daina ƙera waɗannan samfura, duk wadda aka yanka ta rage adadin da ya saura.

Na biyar shi ne tarihin wanda ya mallake ta. A watan Maris na 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta Shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan kusan dala miliyan 2.5, aka ce kuɗin na gina gidaje ga mabuƙata ne. Sunan mai ita aka saya. Haka nan a watan Fabrairun 2015, kimanin motoci 60 da aka gano sun yi shekaru suna tsatsa a rumfunan gidan wani ɗan kasuwa, Roger Baillon, a yammacin Faransa, an yi gwanjonsu a Paris a kan miliyoyin yuro, saboda akwai samfuran da ba a samun irinsu a ciki. Waɗannan misalai ba sa nufin kowace Fijo a Jalingo taska ce. Abin da suke nunawa shi ne cewa hujja tana da kuɗi: hoton mai motar tare da ita, littafin gyara, tsohuwar lamba, da takardar da ta nuna ofishi ko fadar da ta yi wa aiki.

Farashin da ake gani a intanet na kasuwar Turai ba ya sauka kai tsaye a Taraba, domin mai saye na can yana lissafa kuɗin dako da haraji da gyara. Kuma kuɗin da aka kashe wajen gyara ba kasafai yake dawowa gaba ɗaya a wurin sayarwa ba. Wanda zai gyara ya yi domin amfani ko domin tunawa da mahaifi, ya san kuma abin da zai kashe tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Idan motar ta shiga gado

A rabon gado na Musulunci, dukiyar da ba ta rabuwa ana yi mata ƙima ne, sannan ko a sayar a raba kuɗin, ko wani magaji ya ɗauka a cikin rabonsa da yardar saura. A nan ne sani yake da muhimmanci. Ya kamata a nemi ƙima daga mutum fiye da ɗaya, kamar gogaggen makaniken Fijo da dillalin mota, kuma kada mai ƙimar ya zama shi ne mai son saye. A rubuta abin da aka amince a kai a gaban shaidu, a haɗa dukkan takardu wuri guda, a sauya sunan mai mallaka a hukumance.

Kafin a yanke shawara, matakan da ke kare darajar motar ba su da tsada: a ɗauke ta daga kan ƙasa mai laima, a sa ta a inuwa, a cire batir, a ɗaga ta a kan katako domin tayoyi su huta, a kuma hana cire mata sassa ɗaya bayan ɗaya. Fitila ɗaya ko ƙarfen ado ɗaya da aka ba wa maƙwabci yau yana iya zama abin da za a nema a kasuwanni uku ba a samu ba.

A garin Sochaux na Faransa, kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa tun 1988. Motocin da aka haɗa a Kakuri da hannun ma'aikatan Najeriya suna cikin tarihin masana'antun ƙasar nan, kuma waɗanda suka rage suna hannun iyalai ne a unguwanni irin su Turaki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai wanda ya adana ta ne yake samunta ranar buƙata.